Yadda Ake Bin Sawun Kalmar Latin Zuwa Cikin Holanci da Polanci

Holanci, harshen mutanen Holan da na arewacin Beljiyam, yana cikin dangin harsunan Jamanik tare da Jamusanci da Ingilishi, shi kuwa Polanci, harshen mutanen Polan, yana cikin dangin Silabik tare da Rashanci da harshen Cek. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya fito daga tsatson Latin kamar yadda Faransanci da Italiyanci suka fito, saboda haka duk kalmar Latin da aka tsinta a cikinsu baƙuwa ce, kuma kowace baƙuwa tana da lokacin da ta iso, da hanyar da ta biyo, da dalilin da ya sa aka karɓe ta. Waɗannan abubuwa uku su ne mai nazari yake nema. Aikin ba ya buƙatar mutum ya ƙware a harsunan har ya yi hira da su. Abin da yake buƙata shi ne natsuwa, da ƙamus mai inganci, da sanin wasu 'yan sauye-sauyen furuci da ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. A nan za mu ɗauki kalma ɗaya, *tegula*, mu bi ta tun daga bakin Rumawa har inda ta zama *tegel* a Holanci da *cegła* a Polanci, muna jawo wasu kalmomin a duk inda ake neman ƙarin shaida.

Ka fara sanin kalmar a gidanta

Kafin ka leƙa ko'ina, ka tabbatar da ma'anar kalmar a Latin da kuma abin da take nufi a zahiri, wanda ido ke gani hannu ke taɓawa. *Tegula* ta fito ne daga aikatau *tegere*, wato rufewa, kuma suna ne na fallen gasasshen yumɓu da Rumawa ke rufe gini da shi. Fallen shimfiɗaɗɗe ne, gefunansa biyu a ɗage, ana jera shi kusa da ɗan'uwansa, sannan a kifa wani lanƙwasasshen yanki mai suna *imbrex* a kan mahaɗar don kada ruwan sama ya sami kafa. Sanin wannan yana da amfani, domin kalmar da ke nuna kayan sana'a takan yi tafiya ne tare da kayan da kuma gwanayen da suka iya yin sa, kuma tun daga nan ka fara sanin irin mutanen da za ka nema a cikin tarihi.

Abu na biyu shi ne furuci, kuma a nan ne masu farawa suka fi tuntuɓe, saboda harsunan nan duka da baƙaƙen boko iri ɗaya suke rubutu amma kowanne da yadda yake karanta su. A Latin na zamanin Yuliyus Kaisar, harafin *c* kullum *k* ne, harafin *v* kuma *w* ne, sannan *ae* ana faɗinsa kamar *ai*. A Polanci harafin *c* sautin *t* ne da *s* a haɗe, *w* ana furta shi *v*, shi kuwa *ł* mai gicciye tsohon *l* ne mai kauri wanda a yau ake faɗinsa kamar *w*. A Jamusanci *z* ma sautin *t* da *s* ne a haɗe, ke nan *z* na Jamusanci da *c* na Polanci sauti ɗaya ne cikin tufafi biyu. Ka rubuta wannan a gefen takardarka, domin rabin aikin a kansa ya dogara.

Ka jera maƙwabta

Kada ka kwatanta Holanci da Polanci su kaɗai. Ka zana layi a takarda, ka sa Latin a farko, sannan ka jera yadda kalmar ta kasance a harsunan da ke zaune tsakanin ƙasashen biyu da kewayensu, musamman Jamusanci da harshen Cek da Faransanci. Ga *tegula* za ka sami *tegola* a Italiyanci, *tuile* a Faransanci, *tile* a Ingilishi, *tegel* a Holanci, *Ziegel* a Jamusanci, *cihla* a harshen Cek, da *cegła* a Polanci. Da zarar ka dubi jerin nan za ka ga ya rabu gida biyu: waɗanda suka riƙe *t* na Latin a farkon kalma, da waɗanda suka koma *ts*. Holanci yana gida na farko, Polanci da harshen Cek suna gida na biyu tare da Jamusanci. Tambayar da ta rage ita ce wane ne ya kawo sauyin, wane ne kuma ya karɓi kalmar bayan an riga an sauya ta.

Amsar tana cikin wani babban sauyin baƙaƙe da ya auku a kare-karen harshen Jamusanci na kudu da na tsakiya, wajajen ƙarni na 6 zuwa na 8. A wannan zamani *t* na farkon kalma ya koma *ts*, *p* na farkon kalma ya koma *pf*, yayin da *t* da *p* na bayan wasali suka koma *ss* da *ff*. Sauyin bai isa arewacin Jamus ba, bai kuma shiga Holanci ba, shi ya sa har yau goma *tien* ce a Holanci amma *zehn* a Jamusanci, harshe na baki *tong* ne a nan *Zunge* a can, ruwa kuma *water* da *Wasser*. Sauyi irin wannan ba ya tambayar asalin kalma. Duk wadda ya tarar a cikin harshen a lokacin, 'yar gida ce ko baƙuwa, sai ya taɓa ta, wadda kuwa ta iso bayan ya wuce sai ta tsira da kamanninta. Ke nan *Ziegel* tana gaya mana cewa *tegula* ta riga sauyin isa bakin Jamusawa, ita kuma *tegel* ta Holanci ita ce siffar da ta fi kusa da yadda aka fara karɓarta.

Sai ka juya ga Polanci ka tambaya: shin wannan harshe yana da wata ƙa'ida tasa ta kansa da za ta mai da *t* na *tegula* ya zama *c*? Ba shi da ita. Kalmomin da ya ɗauko daga littattafan Latin sun riƙe *t* ɗinsu, kamar *termin* da *testament*, tsofaffin kalmomi kuwa da ke da *t* kafin wasalin *e* sukan tausasa shi ya koma wani sauti daban da ake rubutawa *ci*, kamar a *ciepły*, mai ɗumi. Ko ta wace fuska ba a isa ga *ce* na *cegła* ba. Tun da Polanci ba zai iya yin sauyin da kansa ba, alhali maƙwabcinsa na yamma ya yi shi a bayyane, hukuncin shi ne daga Jamusanci ya karɓi kalmar. Har ma ana iya ƙara takaita wurin, domin Jamusancin arewa, na biranen bakin teku, da *t* yake faɗinta, saboda haka daga bakin mutanen tsakiya ko na kudu ta fito.

Kalma ɗaya ba ta isa hujja ba, don haka ka nemo mata 'yan rakiya. Kuɗin fito a Latin na baya-baya *toloneum* ne, wanda ya ba da *tol* a Holanci, *Zoll* a Jamusanci, *cło* a Polanci, sak yadda *tegula* ta yi. Ma'aunin nauyi *pondo* ya ba da *pond*, *Pfund* da *funt*, ƙofa kuma *porta* ta ba da *poort*, *Pforte* da *furta*, inda Polanci, da yake bai saba da *pf* ba, ya yar da *p* ya riƙe *f*. Babu yadda za a yi *p* na Latin ya zama *f* a Polanci in ba ta Jamusanci ya ratsa ba. Haka kuma ka nemi kalmar da ta saɓa wa tsarin, domin ita ce ke nuna maka cewa ma'auninka yana aiki. Masoro a Latin *piper* ne, *peper* a Holanci, *Pfeffer* a Jamusanci, amma *pieprz* a Polanci, da *p* ɗinsa duka biyu lafiya lau. Wannan kalma ba ta bi ta bakin da ya yi sauyin ba, tsohuwar aro ce da ke nan a sauran harsunan Silabik, kamar *pepř* na harshen Cek.

Akwai wani gwaji da na fi so a kan duk sauran, kuma ina ganin ya kamata kowane mai koyo ya riƙe shi: ka nemi kalmar Latin mai siffa iri ɗaya da taka, wadda aka san ta shigo ta wata hanyar, ka ga yadda ta kasance. *Tegula* tana da irin wannan abokiya, wato *regula*, ƙa'ida, wadda baƙi ɗaya tak ya raba su. A Holanci sun fito kafaɗa da kafaɗa, *tegel* da *regel*. A Polanci kuwa *regula* ta zama *reguła*, da gaɓoɓinta uku cif, saboda malamai ne suka ɗauko ta kai tsaye daga rubutun Latin. Da a ce *tegula* ta biyo wannan hanya, da ita ma ta fito da gaɓoɓi uku da *t* a farko da *u* a tsakiya. Rashin wannan *u* a *cegła* shaida ce ta biyu cewa kalmar ta daɗe tana gogewa a bakin wasu kafin ta iso. Kada wasalin *a* na ƙarshenta ya ruɗe ka ka ce na Latin ne ya tsira, domin da shi Polanci ke ƙare mafi yawan sunayensa na jinsin mace, kuma yana liƙa shi ga kalmomin aro ba tare da wata wahala ba.

Ka kai hukuncin gaban tarihi

Sauti yana nuna hanya da jerin aukuwa, amma ba ya faɗin shekara ko dalili. Don samun waɗannan sai ka tambayi tarihi ko akwai lokacin da mutanen biyu suka haɗu a kan abin da kalmar ke nufi.

Ta fuskar Holan amsar a fili take. Yuliyus Kaisar ya yaƙi ƙabilun yankin Beljiyam na yau a shekara ta 57 kafin Miladiyya, daga baya kuma kogin Rayin ya zama iyakar daular Rum ta arewa, aka jera sansanonin soja a bakinsa, ciki har da wanda ya zama birnin Utrecht. Bayan tawayen ƙabilar Batabawa na shekarun 69 da 70, an girke runduna ta goma a Nijmegen, kuma a kusa da garin, a wani wuri da ake kira Holdeurn, sojoji sun gina matoya inda suke gasa fale-falen rufi da tukwane. Har yanzu ana tono waɗannan fale-falen ɗauke da hatimin rundunar, wanda aka danna a jikin yumɓun tun yana ɗanye. Mutanen ƙasar da itace da laka da ciyawa suke gini, don haka gini na dutse da gasasshen yumɓu baƙon abu ne gare su, kuma da sunayensa ya zo. Shi ya sa *tegel* ba ita kaɗai ta shiga ba. Tare da ita akwai *muur*, bango, daga *murus*; *venster*, taga, daga *fenestra*; *kalk*, farar ƙasa, daga *calx*; *zolder*, ɗakin sama, daga *solarium*; da *straat*, shimfiɗaɗɗen titi, daga *strata*. Idan ka ga kalmarka tana tafe cikin ayari irin wannan, duka na sana'a ɗaya kuma da alamun furuci na zamani ɗaya, to zuciyarka ta kwanta.

Ƙasar Polan kuwa Rumawa ba su taɓa mulkinta ba. Fatakensu sun ratsa ta zuwa tekun Baltik neman ƙaron ambar, an kuma tsinci kuɗaɗensu a can, amma babu rundunar da ta zauna tana gasa yumɓu. Ginin jan bulo ya bazu ne a ƙarni na 13, lokacin da ruhubanawan Kirista da magina da 'yan kasuwa masu jin Jamusanci suka yi ta shigowa, aka kuma riƙa kafa birane bisa dokar birnin Magdeburg, kamar Poznań a 1253 da Kraków a 1257. Cocin Yakubu da ke Sandomierz, wanda aka fara ginawa a 1226, yana cikin tsofaffin gine-ginen bulo na ƙasar. Nan ma kalmar cikin ayari ta zo: *dach*, rufin gida, *ratusz*, zauren majalisar birni, da *burmistrz*, magajin gari, duka daga Jamusanci suke. Ita ma *murus* ta iso a wannan tafiya a matsayin *mur*, kuma tana ɗauke da wata alama mai kyau ta lokaci. Bajamushen yau *Mauer* yake cewa, amma a tsakiyar zamani da dogon *u* ake faɗinta, kuma wannan tsohuwar siffar ce Polanci ya adana. Tsakanin shigar *tegula* bakin kakannin mutanen Holan da shigarta Polanci akwai tazarar da ta kai kimanin shekara dubu.

Daga nan sai ka duba ma'ana, domin kalmar aro ba kasafai take zama inda aka ajiye ta ba. A Jamusanci *Ziegel* tana nufin fallen rufi da kuma bulo. Polanci ya ɗauki ma'ana ta biyu kaɗai, abin da ya dace da zamanin da ya karɓe ta, sai ya ƙirƙiri *dachówka* don fallen rufi. Holanci ya karkata wani gefen daban, inda *tegel* ta zama tayil na daɓe ko na bango, irin shuɗi da farin nan da aka san birnin Delft da su, fallen rufi ya koma *dakpan*, bulo kuma *baksteen*, ko da yake akwai wata 'yar'uwarta daga tushe ɗaya, *tichel*, da ke nufin bulo. Ka kuma lura da 'ya'yan da kalmar ta haifa, domin su ke nuna zurfin saiwarta: Polanci yana da *cegielnia*, masana'antar bulo, da sifa *ceglany*, har da sunan iyali Cegielski, Holanci kuma yana da aikatau *betegelen*, wato liƙa wa wuri tayil.

Sauran ƙofofin

Ba kowace kalmar Latin ce ta bi hanyar magina ba, kuma kuskure ne mutum ya koyi hanya ɗaya ya riƙa tura kowace kalma ta cikinta. Ƙofa ta biyu ita ce ta coci. A shekara ta 966 sarkin Polan Mieszko na Ɗaya ya karɓi Kiristanci bayan ya auri Dobrawa, gimbiya daga ƙasar Cek, saboda haka tsofaffin kalmomin addini na Polanci da yawa ta harshen Cek suka biyo. *Claustrum*, gidan ruhubanawa, ya zama *klooster* a Holanci, amma *klasztor* ta Polanci ta fi kama da *klášter* ta Cek. Haka *missa* ta ba da *mis* a Holanci, *mše* a Cek, *msza* a Polanci. Misalin da ya fi kowanne ilmantarwa shi ne *castellum*, ƙaramin sansani mai ganuwa. Holanci yana da *kasteel* da ma'anar da ba ta yi nisa da ta asali ba, kuma ya same ta ne daga karin harshen Faransanci na arewa, na yankin Fikardi, wanda ya riƙe *k* a inda Faransancin Paris ya kai ga *château*. A harshen Cek kalmar ta zama *kostel* ta koma nufin coci, saboda cocin farko a cikin ganuwar sarakuna aka gina su, daga nan kuma Polanci ya sami *kościół*. Wanda ya dubi *kasteel* da *kościół* ba zai ce wani abu ya haɗa su ba, amma da zarar an sa *kostel* a tsakani sai komai ya daidaita, har tsohon wasalin *e* ya sake fitowa a *w kościele*, wato a cikin coci.

A Holanci ma ana iya raba zangon Rumawa da zangon coci, wanda ya kankama bayan an naɗa Willibrord, mai wa'azin Kirista daga Ingila, bishof a 695 ya zauna a Utrecht, kuma furucin Latin shi kansa ne ma'aunin. A ƙarshen zamanin daular, *c* na Latin kafin *e* ko *i* ya daina zama *k*. Don haka *kelder*, ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, daga *cellarium*, ta shigo tun ana faɗin *k*, ita kuwa *cel*, ƙaramin ɗakin ruhubani ko na fursuna, daga *cella* mai tushe ɗaya da ita, ta iso bayan furucin ya sauya, shi ya sa da *s* ake faɗinta. Haka *wijn*, giyar inabi, daga *vinum*, ta adana tsohon *w*, yayin da *vers*, baitin waƙa, daga *versus*, ta zo da sabon furuci. Wannan ma'auni na *w* ba ya aiki a Polanci, tun da *w* na *wino* da ma *v* ake karanta shi.

Ƙofa ta uku ita ce ta littattafai da jami'o'i, kuma ita ce mafi sauƙin ganewa, domin kalmomin kusan a cike suke zuwa, ɗafa-ƙeya kawai ake gyarawa. Latin ya daɗe yana zaman harshen ilimi da shari'a a ƙasashen biyu, a Kraków an kafa jami'a tun 1364, a Leuven na Beljiyam kuma a 1425. Ƙarshen kalma *-tio* yakan zama *-tie* a Holanci da *-cja* a Polanci, kamar *natie* da *nacja*, *informatie* da *informacja*. Duk da haka ɗafa-ƙeyar kan tona asirin mai shiga tsakani, domin *-tet* na *uniwersytet* ya fi kusa da *Universität* ta Jamusanci fiye da *universitas* ta Latin.

Akwai ramuka uku da ya kamata ka kiyaye. Na farko shi ne ganin *c* a Polanci ka yanke cewa Jamusanci ne sanadi. *Caesar*, laƙabin sarkin daular Rum, ya ba da *keizer* a Holanci da *Kaiser* a Jamusanci, duka da *k* da tagwan wasali na tsohon furuci, abin da ya sa ake lissafa su cikin aron da suka fi daɗewa. Polanci yana da *cesarz*, kuma tun da Jamusanci *k* ke gare shi a nan, ba shi ya kawo *c* ɗin ba. Kalmar ta daɗe a harsunan Silabik, tana nan a tsohon harshen cocinsu da kuma *císař* ta Cek, kuma waɗannan harsuna suna da tasu tsohuwar ƙa'idar da ke mai da *k* ya zama *c* kafin irin wannan wasali. Sauti ɗaya kan iya fitowa daga dalilai biyu, kuma jerin maƙwabta ne kaɗai ke raba maka su. Rami na biyu shi ne kamanni na sa'a: Polanci yana da *strata*, harafi da harafi kamar ta Latin mai nufin titi, amma ma'anarta hasara ce, daga aikatau ɗan gida *tracić*, titi kuwa *ulica* ne. Na uku shi ne gado, domin Latin da Holanci da Polanci duka jikokin tsohon harshe ɗaya ne na Indiya da Turai. *Dom*, gida a Polanci, ba daga *domus* aka aro ta ba, kowannensu ya gaje ta ne daga kaka, amma *dom* ta Holanci mai nufin babban cocin bishof, kamar na Utrecht, aro ce ta gaske daga *domus*.

Ƙamus da shekarar farkon bayyana

Sai bayan ka yi naka hukuncin ne ya kamata ka buɗe ƙamusun asalin kalmomi, domin wanda ya fara da su yakan haddace amsa ba tare da ya koyi hanyar samunta ba. Ga Holanci akwai babban ƙamusun tarihin harshen, wanda aka fara fitarwa a 1864 aka kammala a 1998, akwai kuma shafin Etymologiebank a intanet da ya tara bayanan ƙamusoshi da dama wuri ɗaya. Ga Polanci, ƙamusun Aleksander Brückner na 1927 har yanzu ana komawa gare shi, amma ya kyautu a haɗa shi da na Wiesław Boryś na 2005, tun da bincike ya yi gaba a tsakanin. Inda suka saɓa, ka rubuta ra'ayoyin biyu da hujjar kowanne, ka faɗi wanda ya fi gamsar da kai da dalilinka.

Ƙamus zai ba ka shekarar da aka fara ganin kalma a rubuce, kuma wajibi ne ka fahimci cewa wannan ba ita ce shekarar aro ba. Rubutun Holanci mai ɗan tsawo bai wuce ƙarni na 10 ba wajen daɗewa, jumlar farko da aka sani da Polanci kuwa an rubuta ta wajajen 1270, cikin wani kundin Latin na gidan ruhubanawan Henryków. Ke nan *tegel* ta yi ɗaruruwan shekaru a baki kafin alƙalami ya kama ta. Abin da shekarar ke tabbatarwa kawai shi ne kalmar ba ta iso bayan wannan lokaci ba, iyakar farko kuwa sauti ne ke ba da ita.

Idan kana son gwada hannunka, ka ɗauki *moneta*. Asalinta laƙabin allahiyar Rumawa Juno ne, wadda a haikalinta da ke birnin Rum ake buga kuɗi, har sunan ya koma na gidan bugun da na tsabar kuɗin. Holanci yana da *munt*, Jamusanci yana da *Münze*, Polanci kuwa yana da biyu: *mennica*, gidan buga kuɗi, da *moneta*, tsabar kuɗi. Ka jera su, ka nemo inda *t* na Latin ya shiga a kowacce, za ka ga ya tsaya a *munt*, ya koma *z* a *Münze*, ya fito a matsayin *c* a *mennica*, sannan ya dawo cikakke a *moneta*, abin da ke nuna cewa sau biyu Polanci ya aro kalmar, da farko ta bakin Jamusawa masu sana'ar bugun kuɗi, daga baya kuma kai tsaye daga littattafan Latin.